Kakakin Gwamnati: Daga Ɗakin Labarai Da Dandalin Fim Zuwa Fadar Mulki

Ɗauki wayarki ki leƙa zauren WhatsApp na dangi, ko na iyayen yara na makarantar su Ummi. Da wuya ki gangara ƙasa kaɗan ba ki ci karo da wata sanarwa da ta ƙare da "in ji kakakin gwamna" ko "sa hannun mai magana da yawun Shugaban Ƙasa" ba. Ranar komawa makaranta, rabon taki, sakin ruwan Tiga, zagayen masu rigakafi, har da labarin da ba a fatan ji na tare hanyar Falgore, duk ta bakin wannan mutum suke iso miki. Ba ki zaɓe shi ba, ba ki taɓa ganin sa a takardar ƙuri'a ba, amma maganarsa ce kan sa ki shirya yaro ya tafi makaranta gobe, ko ki ce ya zauna a gida tukuna.

To wane ne shi? Galibi tsohon sananne ne. Jiya shi kike ji a rediyo yana titsiye kwamishina kan rashin magani a asibiti, ko kina karanta sharhinsa a jarida, ko sunansa yana wucewa a ƙarshen fim. Yau ga shi da babbar riga a bayan gwamna. Wannan hanya da ta tashi daga aikin jarida da harkar fim ta ɓulle fadar gwamnati tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma ta shafe ki ta fuska biyu. Ke ce mai sauraro. Sannan wa ya sani, ko yaron nan naki da ba ya rabo da ɗaukar bidiyo da wayarki ita zai bi.

Bahaushe da ya tashi raɗa wa aikin suna bai je da nisa ba, sai ya ɗauko kakaki, dogon abin busan nan na ƙarfe da ake busa wa sarki. Kakaki yana da amo, ana jiyo shi tun daga bayan gari. Amma ba a busa wa talaka shi, kuma ba ya fitar da komai sai iskar da aka hura masa.

Tun zamanin majigi

Ki tambayi Inna ko Kaka, idan Allah Ya bar miki su, za su ba ki labarin majigi. Mota ce ta gwamnati take shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, bayan sallar isha'i a haska fim, wani mutum riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a da Hausa. Ana nuna yadda ake tsaftace rijiya, amfanin zuwa asibiti, noman auduga da gyaɗa irin na zamani, da kuma ziyarce-ziyarcen manyan gwamnati. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo abin, suka kafa masa sashe na musamman a 1939, Gwamnatin Jihar Arewa ta gaje shi. Fim ɗin Baban Larai da tsofaffi ke yawan ambato daga wannan zamani ya fito. Ke nan fim na farko da mutanenmu suka fara gani ba na soyayya ba ne, saƙon hukuma ne.

Haka ma jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta na Hausa, gwamnati ce ta kafa ta, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ke yawo gabanin yaƙin Hitila. Adamu Halilu, wanda ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, a sashen fim na gwamnatin Arewa ya yi ƙuruciyar aikinsa. Ko a nan Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa jaridar Triumph a 1980, da ƙannenta Albishir ta boko da Alfijir ta ajami, ta kuma kafa gidan talabijin na CTV wanda yau ake kira ARTV. Wasannin kwaikwayon gidajen talabijin irin wannan su suka share wa Kannywood fage kafin fitowar Turmin Danya a 1990.

Saboda haka idan kika ga ɗan jarida ko ɗan fim ya koma gidan gwamnati, kada ki ɗauka wani sabon lalacewar zamani ne. A gidan aka haifi sana'ar, daga baya ta yi ƙarfi ta fita ta kama nata ɗakin. Abin da ya bambanta shi ne, wanda ya fita ya yi suna a waje, da amanar da ku masu sauraro kuka ba shi yake komawa ciki. Ita ce jarinsa, ita kuma gwamnati ke saye.

Malam Garba Shehu da yaran Ƙanƙara

A cikin 'yan Arewa da suka bi wannan hanya, babu wanda ya kai ƙololuwa kamar Malam Garba Shehu. An haife shi a Dutse a 1959, lokacin tana cikin lardin Kano. Ya yi karatu a Jami'ar Bayero, ya fara aiki a gidan talabijin na NTA, ya koma Triumph inda ya zama edita, ya kuma shugabanci kamfanin tun da sauran ƙuruciyarsa. Editocin Nijeriya kaf sun taɓa zaɓen sa shugaban ƙungiyarsu. Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, domin sai wanda abokan sana'a suka yarda da alƙalaminsa ake ba wa. Daga nan ya zama mai magana da yawun Atiku Abubakar na tsawon shekaru, sannan daga 2015 zuwa 2023 ya zama ɗaya daga cikin kakakin Shugaba Muhammadu Buhari guda biyu, shi da Femi Adesina. Da yake shi ne mai jin Hausa, muryarsa ce ta fi shigowa ɗakunanmu ta BBC da Muryar Amurka da sauran gidajen rediyo.

Abu biyu daga shekarun nan takwas sun isa su nuna miki yadda aikin yake daga ciki.

Na farko ya faru ne a daren 11 ga Disambar 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina suka kora ɗalibai daji. Iyaye suka cika harabar makarantar, uwaye na zaune a ƙasa suna kuka. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce yara 333 ne ba a gani ba. Ana cikin haka sai aka ji kakakin Shugaban Ƙasa yana cewa yara goma ne kawai suka rage a hannun maharan. Ki sa kanki a matsayin uwar da ɗanta bai dawo ba, ga maƙwabciyarta ita ma nata bai dawo ba, ga ta gaba, ga ta gaba, sun ƙirga kansu a wuri ɗaya sun haura ɗari, sannan rediyo yana gaya musu goma. Ranar 17 ga Disamba aka sako yaran, aka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, 344. Malam Garba ya fito ya ba da haƙuri, ya ce waɗanda ya kamata a ce sun san haƙiƙanin lamarin ne suka ba shi wancan adadi.

A ganina ba da haƙurin nan abin a yaba ne, don ba kowane kakaki ke yi ba. Amma ki lura da abin da bayanin nasa ya fallasa. Lokacin da yake edita, da wakilinsa ya kawo masa "goma", da sai ya ce koma Ƙanƙara ka ƙirgo iyayen da ke bakin ƙofa. Da ya zama kakaki, abin da aka miƙo masa daga sama shi ya busa. Mutumin bai canza ba, basirarsa tana nan, kujerar ce ba ta ba shi damar tambaya ba.

Kuma ba a kansa aka fara ba. A Fabrairun 2018, bayan sace 'yan mata 110 a Dapchi, ofishin yaɗa labaran Gwamnan Yobe ya fitar da sanarwa cewa sojoji sun ceto wasu daga cikinsu. Iyaye suka kwana suna murna. Washegari aka janye maganar aka nemi afuwa. Haka aka yi a Chibok a 2014, rundunar soja ta ce an kuɓutar da kusan dukkan 'yan matan, ta dawo ta lashe amanta. Sau uku ke nan, kuma duk sau ukun kuskuren ɓangare ɗaya ya karkata, ɓangaren da zai rage wa gwamnati kunya.

Abu na biyu ya fi kama da abin dariya, amma ya fi na farkon koyarwa. A Agustan 2017 Shugaba Buhari ya dawo daga jinya a Landan bayan fiye da kwana 100, sai aka ce daga gida zai riƙa aiki. 'Yan jarida suka matsa da tambayar dalili. Malam Garba ya ce ai ɓeraye ne suka yi ɓarna a ofishin Shugaban Ƙasa. Kin tuna yadda aka yi ta raha da zancen, har a kafafen labarai na ƙasashen waje. Shekara takwas bayan haka, a littafin da ya fitar a 2025 kan zamansa a fadar, ya bayyana cewa dabara ce ya yi don ya kawar da hankalin jama'a daga zancen lafiyar Shugaban. Kuma dabarar ta ci. Kowa ya bar tambayar ko Shugaba zai iya aiki, aka koma zancen ɓera.

Uwargida, wannan dabarar ai kin san ta. Ita kike yi wa autanki idan ya kafe sai an ba shi wuƙa, ki ce "kai, dubi tsuntsu!" Bambancin kawai, a nan ke ce ake nuna wa tsuntsun.

Wanda ya ƙi busawa

Sai ki ce, to me zai hana kakaki ya faɗi abin da ke ransa? Akwai wanda ya gwada a nan Kano. Salihu Tanko Yakasai, wanda aka fi sani da Dawisu, yana cikin manyan masu magana da yawun Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. A Oktoban 2020 aka dakatar da shi saboda ya soki yadda Shugaba Buhari ya tafiyar da zanga-zangar neman rusa rundunar SARS, daga baya aka mayar da shi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, waɗanda aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. Dawisu ya hau Twitter ya ce gwamnatin jam'iyyarsu ta gaza kare rayuka, ko ta magance 'yan ta'adda ko ta sauka. Kafin gari ya waye sau biyu an sallame shi daga aiki, jami'an DSS kuma suka tsare shi na wasu kwanaki. A daidai wannan lokaci ne Kwamishinan Ilimi na wancan zamani, Muhammad Sanusi Sa'id Ƙiru, ya sanar da rufe makarantun kwana goma da ke wajen birni. Wato ita kanta gwamnatin ta san tsoron da iyaye ke ciki gaskiya ne. Laifin Dawisu shi ne ya faɗa da bakin da aka ɗauka haya.

Wani abin sha'awa, gado ya yi. Mahaifinsa, Alhaji Tanko Yakasai, ya yi aikin jarida da yaɗa manufofin NEPU a zamanin da yin hakan kan kai mutum gidan yari, daga baya kuma ya zama kwamishinan yaɗa labarai a gwamnatin Audu Bako, gwamnatin da ta gina mana madatsar Tiga.

Akwai kuma wanda ya bi hanyar a juye. Jaafar Jaafar ya yi wa Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso aikin yaɗa labarai, ya fito ya kafa jaridarsa ta intanet, Daily Nigerian. Ita ce a 2018 ta saki bidiyon nan na zargin karɓar daloli, wanda Gwamna Ganduje ya musanta. A 2021 Jaafar ya bar ƙasar zuwa Ingila, ya ce rayuwarsa na cikin haɗari. Kin ga ke nan ƙofar tana buɗewa ciki da waje, amma kowane ɓangare da kuɗin shigarsa.

Ina 'yan fim suka shigo?

Wanda ya fi haɗa jarida da fim a hannu ɗaya a wajenmu shi ne Malam Ibrahim Sheme, mutumin Faskari ta Jihar Katsina. Ya yi edita a jaridun Leadership da Blueprint, shi ya jagoranci rubuta tarihin Mamman Shata, sannan tun Maris na 1999 yake buga mujallar Fim, wadda ta zama kundin tarihin Kannywood: wa ya yi aure, wa ya rasu, wane fim ya fito, wace rigima aka yi da hukumar tace finafinai. Bayan Farfesa Abdalla Uba Adamu, masanin finafinan Hausa, ya zama shugaban Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, a 2016, Sheme ya zama daraktan yaɗa labaranta. Wannan ma kakaki ne, amma na ma'aikata, ba na ɗan siyasa ba. Aikinsa sanar da lokacin rajista da jarrabawa da kare sunan jami'a, ba kare kujerar wani a zaɓe mai zuwa ba, don haka wutar ba ta kai ta gidan gwamnati zafi ba. (Af, idan kina cikin masu cewa aure da raino sun hana ki digiri, wannan jami'a don irinki aka yi ta, daga gida ake yawancin karatun.)

Sauran 'yan fim kuwa muƙaman hukumomi aka fi ba su. Isma'ila Na'abba Afakallahu ya riƙe Hukumar Tace Finafinai ta Kano a zamanin Ganduje, Abba El-Mustapha ya karɓe ta a 2023, sannan a Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos.

Idan kina son ganin mutum ɗaya da ya taka duka matakan, sai mu leƙa Kenya. Alfred Mutua ɗan jarida ne kuma mai shirya fim, ya yi karatu a Amurka da Ostireliya. A 2004 Shugaba Mwai Kibaki ya naɗa shi kakakin gwamnati, ya riƙe har 2012, yana kan kujerar ma ya shirya wani wasan talabijin na 'yan sanda mai suna Cobra Squad. Shi ne bakin gwamnati lokacin rikicin zaɓen ƙarshen 2007 da ya ci rayuka fiye da 1,000, lokacin da hukuma ta hana gidajen rediyo da talabijin watsa shiri kai-tsaye. Tsohon ɗan jarida ya wayi gari yana magana da yawun waɗanda suka ɗaure bakin 'yan jarida. Fuskar da ya yi shekara takwas yana nuna wa jama'a ita ya kai kasuwar siyasa, ya zama gwamnan Machakos daga 2013 zuwa 2022, daga nan ya zama ministan harkokin waje.

Me gwamnati ke nema a wajen ɗan fim? Ya san inda ake ajiye kyamara. Mai shirya fim ya fi kowa sanin cewa abin da aka bari a wajen hoto ya fi wanda ke ciki yawa. A ba shi asibitin da aka yi wa fenti jiya, zai ɗauko miki farin bango, sabon gado, jariri yana murmushi, da kiɗa mai sanyi a ƙasa. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma ba zai juya kyamarar ta kalli ɗakin magani da babu komai a kan kanta ba, ba zai dawo ƙarfe biyun dare ya ga ko akwai ungozoma ba. Wannan ke ce kika sani, ke da kika kai ƙanwarki haihuwa a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma a ce duk ƙarya ce

A nan ne nake jin tsoron a yi gyaran gangar auzinawa. Wasu matan, da sun ji labarin ɓera da na Ƙanƙara, sai su yanke cewa duk abin da ya fito daga bakin gwamnati ƙarya ne, su koma gaskata saƙon murya da wani da ba a san ko wane ne ba ya turo. Wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Kakaki yana da suna, yana da ofis, idan ya yi kuskure ana iya ritsa shi har ya ba da haƙuri. Mai saƙon murya fa, wa zai kama?

Mun ga abin da rashin yarda ya jawo mana. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin da ya bazu cewa an gurɓata maganin. Kakakin gwamnan, Malam Sule Ya'u Sule, shi ya yi ta bayyana wa duniya matsayin gwamnati. A Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya, gwamnati ta ce a ci gaba. Sanarwa ta juya a rana ɗaya, amma zukatan iyaye sun ɗauki shekaru ba su juya ba, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe da dama. Kin san abin da aka koma wa don shawo kan mutane? Majigi. A Gezawa da wasu wurare aka riƙa kafa ƙyalle da dare ana nuna wa iyaye yaran da cutar ta naƙasa, a zauna a yi tambaya a ba da amsa. Sai a Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a Jihar Kano, a Sumaila, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita. Yaran da suka shanye a tsakanin nan yanzu samari ne da 'yan mata, wasu a unguwarku suke.

To yaya za ki yi? Ki raba maganar kakaki gida biyu. Idan yana faɗin abin da gwamnati ta yanke, kamar an rufe makaranta, an ɗage jarrabawa, za a saki ruwan dam, an sa dokar hana fita, to waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, shi ne ya fi kowa sani, ki yi aiki da ita. Ki dai tabbatar daga shafinsa na gaskiya ta fito ko kin ji a rediyo, domin yanzu ana ƙirƙirar takardar bogi har da tambarin gwamnati. Amma idan yana ba da labarin abin da ya faru, musamman abin da zai kunyata maigidansa, mutum nawa aka sace, nawa suka rasu, an gama aiki ko ba a gama ba, to ki riƙe maganarsa a hannu ɗaya ki jira ta ɗaya hannun. Ki ji me wakilan gidajen rediyo masu zaman kansu suka gano, me shugaban makaranta ya ce, me mutanen garin suka gani da idonsu. Ki kuma kula da kalmomi. "An amince da kashe kuɗi" daban, "an saki kuɗi" daban, "an gama aiki" daban. Tsakanin na farko da na ƙarshe yaro kan iya shiga firamare ya fita. Idan kuma kika ga ana tsaka da maganar tsadar taki ko albashin malamai sai wani zance mai ban dariya ko ban haushi ya ɓullo ya mamaye ko'ina, ki tuna da ɓerayen Abuja.

Idan ɗanki ne ko 'yarki

Yanzu a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da wuya ki sami ɗan siyasar da ba shi da yaran da ke masa aiki a Facebook da TikTok. Ana saya musu data, a ba su na cefane, su yi ta yabo, su yi ta zagin abokin hamayya, wani lokaci dattijon da ya haifi ubansu. Yaron yana ganin ya kama hanyar zama Garba Shehu. Ki zaunar da shi ki nuna masa cewa duk waɗanda muka ambata sai da suka yi shekaru suna koyon sana'a, suka yi suna da aikinsu, sannan gwamnati ta neme su. Wanda ya fara da zagi ba shi da amanar da zai sayar, kuma abin da ya rubuta yana nan ajiye, ranar neman aiki ko neman aure za a tono masa.

Idan da gaske yake, hanyar karatu a buɗe take. Akwai tsangayar koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero, akwai sashen a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA, dukansu a Jos. A nan kusa da ke ma gwamnatin Kwankwaso ta kafa makarantar koyon harkar fim a Tiga. Ki dage masa da Turanci, amma kada ki bari ya raina Hausa, don wanda ya iya rubuta su biyun da kyau shi ake rububi. 'Ya mace ma haka, gidajen rediyon Kano cike suke da mata masu gabatar da shiri, kuma akwai labaran da sai mace ce za ta iya shiga gida ta ɗauko.

Ki kuma gaya masa gaskiyar aljihu. Aikin jarida a ƙasar nan ba ya biya yadda ya kamata, akwai gidajen da ake wata da watanni ba albashi, wakili ya dogara da "kuɗin mota" da ake miƙa masa bayan taro. Shi ya sa idan tayin gidan gwamnati ya zo, ga mota ga ofis, mai iyali ba ya iya kawar da kai, kuma ni ban ga laifinsa ba. Sai dai muƙamin siyasa ne, ranar da maigida ya sauka ko ya yi fushi, ranar aikin ya ƙare. Ya bambanta da jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukuma ko na ma'aikata, wanda ma'aikacin gwamnati ne, ciyaman ya zo ya tafi shi yana nan har fansho. Wanda ya shiga na siyasar kuma ya fito, komawa ɗakin labarai kan yi masa wuya, don duk abin da ya rubuta sai a ce ai yaron wane ne. In baki ya ci, ido kan ji kunya, masu karatu kuma sun san da haka.

Mutanen Bebeji ma sun taɓa ganin yadda babban al'amari ke zuwa ta bakin kakaki ya koma ta bakin kakaki. A 2016 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Hukumar Finafinai ta Nijeriya, ta sanar da shirin gina dandalin shirya finafinai na kimanin naira biliyan 3 a Ƙofa, mahaifar ɗan majalisar Ƙiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin. Malamai da dama suka yi ca a kan mumbari suna cewa zai ɓata tarbiyya, wasu suka ce ruwan sha da asibiti sun fi gaggawa, 'yan fim kuma suka ce an toshe wa dubban matasa hanyar abinci. Ba a rufe wata guda ba wani hadimin Shugaban Ƙasa, Kawu Sumaila, ya fito ya ce an ji koken jama'a, an fasa. Yawancin muhawarar a birni aka yi ta, a rediyo da Facebook, alhali filin a ƙofar gidanku yake. Hukumar da ta so yin ginin ita ce daga baya aka damƙa wa Ali Nuhu. Idan wata rana zancen ya sake tasowa, a Ƙofa ne ko a Tiga, za ki gan shi a wayarki da hoto mai kyau da kiɗa a ƙasa. Kafin ki tura wa zauren dangi, ki nemi jin gonar wa za a ɗauka, diyya nawa za a biya kuma yaushe, sannan cikin ma'aikatan da za a ɗiba mutum nawa ne 'ya'yan garin.